Littafi ko Anime: Ta Wace Ƙofa Za Ka Shiga Labaran Soyayyar Masu Shan Jini?

A cikin New Moon, littafi na biyu a jerin Twilight na Stephenie Meyer, akwai inda saurayin ya tafi ya bar yarinyar, Bella. Kana juya shafi sai ka tarar da kalma ɗaya tak: Oktoba. Ka sake juyawa, Nuwamba. Sai Disamba, sai Janairu. Wata huɗu na rayuwar Bella suka shuɗe a shafukan da babu komai a cikinsu sai sunan wata. Ranar da na fara zuwa wurin nan na daɗe riƙe da bakin takardar ban juya ba, domin da hannuna nake ture mata kwanakin, kuma na ji nauyinsu.

Shi kuwa Vampire Knight, anime na 2008, wato fim ɗin zane na Japan, da ƙanƙara yake buɗewa. Ko'ina fari fat, ga ƙaramar yarinya tsaye ita kaɗai, ga wani dodo ya nufo ta da haƙora waje. Kafin ka ƙifta ido jini ya fantsamu kan farin nan, wani yaro mai sanyin murya ya miƙo mata hannu. Jan jini a kan farar ƙanƙara ya gaya maka irin labarin da ka shigo tun kafin a yi wata doguwar magana.

Duk wanda yake tambaya ko da littafi zai fara ko da anime, waɗannan wurare biyu ne amsarsa a taƙaice, amma zaɓin ya fi haka zurfi, kuma ina da ɓangaren da na karkata.

Bamfaya, wato mashayin jini, a waɗannan labarai halitta ce mai siffar mutum wadda ba ta tsufa, rayuwarta ta rataya ne kan jinin mutane. Japanawa suna kiransa kyuketsuki, ma'ana aljani mai tsotsar jini. A tsoffin tatsuniyoyin gabashin Turai gawa ce mai kumburi da ke fitowa daga kabari, babu wanda zai yi sha'awarta. Marubuta ne suka wanke shi suka sa masa riga. John Polidori, likitan mawaƙin Ingila Lord Byron, ya fitar da The Vampyre a 1819, inda mashayin jinin ya zama basarake mai kwarjini da ke shiga taron manya yana yaudarar mata. A 1872 Sheridan Le Fanu ɗan Ailan ya rubuta Carmilla, labarin wata baƙuwa da ta shaƙu da ɗiyar mai masaukinta tana shan jininta cikin dare. Dracula na Bram Stoker ya biyo baya a 1897. Duk da haka har zuwa lokacin bamfaya abin gudu ne. Anne Rice ce ta juya al'amarin a 1976 da Interview with the Vampire, ta ba dodon baki ya faɗi nasa da kansa, da nadamarsa da kaɗaicinsa. A Japan ma, tun 1972 Moto Hagio ta fara zana The Poe Clan a mujallar 'yan mata, labarin yaron da ya tsaya cak a shekara 14 duniya tana wuce shi. To ka ga ba 'yan kwaikwayo ba ne Japanawa a wannan fage, suna da nasu tushen.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya sa labaran suka karɓu, a ganina, shi ne sun ɗauki tsoron da ke cikin kowace soyayya sun ba shi haƙora. Wanda ka fi amincewa da shi shi ne ya fi kowa ikon cutar da kai. A nan wannan magana ba misali ba ce, zahiri ce: yana sonta, kuma ƙishinsa yana kiransa ya kashe ta. Kowace rana da ta wayi gari da rai shaida ce cewa ya danne kansa saboda ita. Sai kuma batun lokaci. Ita tana tsufa, shi ba ya tsufa, don haka ko dai ta bar iyayenta da mutuntakarta ta zama irinsa, ko ya zauna yana kallonta tana tafiya a hankali. Ƙishi da lokaci. Duk abin da zan faɗa game da littafi da anime, a kan yadda kowanne yake sarrafa waɗannan biyun ne.

Ƙishi abu ne na ciki, kuma nan littafi ya yi wa anime nisa. Ɗauki haɗuwar farko a Twilight, wanda ya fito a 2005. Bella Swan, 'yar shekara 17, ta baro Finiks mai zafin rana ta koma wurin mahaifinta a Foks, ƙaramin gari mai yawan ruwan sama a jihar Washinton ta Amurka. A ajin nazarin halittu aka zaunar da ita kusa da Edward Cullen. Ya janye kujerarsa can ƙarshen tebur, ya dunƙule hannu a cinya, bai saki ba har aka tashi. Ita kuwa ba ta san dalili ba. Sai ta saci jiki ta sunsuni gashinta, tana tsammanin ko wari take yi. Wannan ɗan motsin, na yarinyar da ta ɗauka laifin nata ne, shi ya kama miliyoyin masu karatu, domin kowa ya taɓa zama baƙo a wuri ya ga an ɗaure masa fuska. A 2020 Meyer ta fitar da Midnight Sun, inda aka sake ba da labarin ta bakin Edward, sai ka ga a wannan sa'a ɗaya yana ta lissafin yadda zai hallaka ajin gaba ɗaya don ya kai gare ta. Ƙamshi, bushewar maƙogwaro, yaƙin da mutum yake yi da kansa fuskarsa ba ta nuna ba, duk rubutu ne yake iya ɗaukarsu shafi bayan shafi. Mai zane yana da hanya ɗaya ko biyu: ido ya kaɗa ya yi ja, hannu ya kama wuya, numfashi ya yi nauyi. Suna aiki, amma idan ka gan su sau goma sun zama alama kawai.

Lokaci ma littafi ya fi iya sa ka ji shi a jiki. New Moon yana buɗewa da mafarkin Bella a daren cikarta shekara 18: ta ga kakarta tsaye, ga Edward a gefe, sai ta gane madubi take kallo, tsohuwar ita ce, shi kuma yana nan yadda yake tun 1918, shekarar da aka mayar da shi bamfaya yana bakin mutuwa a annobar mura. Amma wanda yake son ganin iyakar abin da rubutu zai iya yi da wannan batu, littafin Anne Rice zai nema. Wani bamfaya mai suna Louis yana zaune a wani ɗaki a San Faransisko yana ba wani matashi labarin kusan shekara 200, na'urar naɗar murya tana juyawa. Tun daga gonarsa a Luwiziyana a 1791 har zuwa Faris. A tsakiyar labarin akwai Claudia, wadda aka mayar tana 'yar shekara biyar: hankalinta ya girma ya zama na cikakkiyar mace, jikinta ya tsaya a na yarinya har abada. Rice ta rubuta littafin ne bayan rasuwar ƙaramar ɗiyarta da cutar sankarar jini a 1972, kuma wanda ya san haka ba zai karanta babin Claudia da busasshen ido ba. Sai dai in faɗa tun yanzu, ba soyayyar saurayi da budurwa ba ce a ciki. Shaƙuwa ce mai ɗaci tsakanin Louis da Lestat wanda ya mayar da shi, kamar yadda ta Carmilla take tsakanin mata biyu. Wanda ba irin wannan yake nema ba gara ya sani kafin ya saya.

Littafi yana da nasa aibin. Twilight ya kusa shafi 500, kuma kaso mai yawa na shafukan nan yabon kyawun Edward ne da ake maimaitawa har mai karatu ya ƙosa. An kulle ka cikin kan mutum ɗaya, idan muryar Bella ba ta yi maka ba babu wata taga da za ka leƙa. Sannan ga harshe. Wanda Turancinsa bai nuna sosai ba zai sha wuya da Rice, jimlolinta dogaye ne masu ado. Meyer da L. J. Smith, marubuciyar The Vampire Diaries na 1991, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma littattafan Smith gajeru ne, suna tafiya da sauri.

An ce gani ya kori ji, kuma anime yana da gaskiyarsa a nan. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne dare. Ban taɓa ganin an nuna daɗin dare kamar a Call of the Night na 2022 ba, wanda aka ɗauko daga mangar Kotoyama. Manga, ga wanda bai sani ba, littafin zane ne na Japan, kuma yawancin anime daga cikinsa ake ɗauko su. Yaron labarin, mai suna Ko Yamori, ɗan shekara 14 ne, ya daina zuwa makaranta, barci ya ƙaurace masa, sai ya saci jiki ya fita cikin dare karo na farko. Titi fayau babu kowa. Sararin sama ruwan shuni da shuɗi, dogayen gidajen haya sun yi shiru, hasken injin sayar da abin sha ne kaɗai a bakin hanya, kuma a gaban injin nan ne wata bamfaya mai suna Nazuna ta bayyana a bayansa. Ba sai an gaya maka me ya sa yaron yake son zama bamfaya ba, idonka ya riga ya gani. Kuma dokar labarin tana da daɗi: cizo kaɗai ba ya mayar da mutum, sai in ya kamu da son wadda ta cije shi. Ga yaron da bai san mene ne so ba ya ɗaura ɗamarar koyonsa, ga bamfayar da kunya ke kama ta da zarar an ambaci soyayya. An juya tsohon tsari kansa ƙasa: babu mai gudun kowa, matsalar ita ce zuciyar da ta ƙi motsawa.

Wannan wasa da doka shi ne fifiko na biyu na anime, kuma ba ƙarami ba ne. Littattafan Turanci na wannan fanni, musamman waɗanda suka biyo bayan Twilight, sun yi kama da juna: yarinya, kyakkyawan baƙo mai sirri, saurayi na biyu da zai yi takara. Japanawa sun fi sakin jiki. A Karin na 2005, mai kashi 24, bamfayar ba ta rasa jini ba, yawa yake yi mata, har sai ta zuba wa mutane shi ko ya ɓalle mata ta hanci, kuma saurayinta talaka ne mai neman na abinci. Dariya ce da tausayi a haɗe. Devils' Line na 2018 ya ɗauki manya, ɗalibar jami'a da ɗan sanda wanda rabinsa mashayin jini ne, ya tambayi yadda mutum biyu za su kusanci juna alhali kusantar ita ce haɗarin. A Vampire Knight kuwa makarantar kwana ce mai aji biyu, 'yan rana da baƙar riga, 'yan dare da fara, kuma 'yan daren duk masu shan jini ne da ke haɗiyar ƙwayar maye gurbin jini don a zauna lafiya. Kullum da magariba 'yan mata suna cincirindo a bakin ƙofa don ganin fitowarsu, Yuki, yarinyar nan ta cikin ƙanƙara da ta girma, da abokinta Zero suna tare su. Zero, wanda bamfaya ta kashe masa iyaye kuma shi kansa yake rikiɗa a hankali zuwa abin da ya fi tsana, shi ne ran labarin. Muryar Mamoru Miyano da ya yi shi tana ɗauke da rabin ciwon. Murya da kiɗa abubuwa ne da takarda ba ta da su, kuma ko da ba ka jin Japananci, rawar murya ba ta buƙatar fassara. Fassarar da ke ƙasan allo ma gajerun jimloli ne, hoto yana taimaka maka, don haka mai ƙaramin Turanci ya fi samun sauƙi a nan.

Yanzu ga babban aibin da ba a cika gaya wa sabon shiga ba: yawancin waɗannan anime ba sa kai ka ƙarshen labari. Ana yin su ne manga tana kan fita. Vampire Knight kashi 26 ne, zango biyu, duk a 2008, alhali Matsuri Hino ta fara mangar a 2004 ba ta kammala ba sai 2013, a juzu'i 19. Wanda ya kalli kashi na ƙarshe zai tashi da tambayar da ya shigo da ita, wa Yuki za ta zaɓa a ƙarshe tsakanin Zero da yaron da ya cece ta cikin ƙanƙara, ba a warware masa ita ba. Karin ya bi wata hanya dabam da ta mangarsa. Devils' Line kashi 12 ne kawai, ya tsaya labarin yana da sauran tafiya. Call of the Night ya samu zango na biyu a 2025, mangar kuma ta ƙare a 2024 da juzu'i 20, ke nan mai son ƙarshe yana da inda zai je, amma karatu ne zai koma. A soyayya kuwa ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Duk tambayar ita ce za ta zama irinsa ko ba za ta zama ba, kuma labarin da ya tsaya kafin amsa ya bar ka a tsakiyar kogi. Jerin Twilight, da duk aibinsa, ya kai ka gaɓa a littafi na huɗu, Breaking Dawn na 2008. Vampire Academy na Richelle Mead, wanda ya fara a 2007 kuma shi ma makaranta ce, ya rufe labarinsa a littafi na shida.

Ta fuskar lokaci anime ya fi rangwame a farko. Kashi ɗaya kusan minti 24 ne, zango mai kashi 13 bai wuce awa biyar da 'yan mintuna ba. Cikin kashi uku ka san ko abin ya yi maka. Littafi yana cin kwanaki kafin ya nuna maka fuskarsa.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, musamman ga wanda yake zaɓar wa ƙanwarsa ko ɗiyarsa. So hana ganin laifi, kuma waɗannan labarai sukan yi wa mugun hali kwalliya. Edward yana shiga ɗakin Bella cikin dare yana kallonta tana barci ba da saninta ba. A Eclipse har motarta ya lalata don kada ta je wurin abokinta Jacob. Littafin yana gabatar da wannan a matsayin kulawa, kuma da yake a cikin kanta kake zaune, kai ma sai ka fara ganinsa haka. Ƙarfin littafi shi ne haɗarinsa. A Vampire Academy yarinyar tana 17, wanda take so malaminta ne ɗan 24. Littattafan Charlaine Harris, da suka fara da Dead Until Dark a 2001, na manya ne tsantsa. A ɓangaren anime matsalar ta ido ce. Rosario + Vampire na 2008 cike yake da nuna jikin 'yan mata ba gaira ba dalili. Diabolik Lovers na 2013 kuwa ban ga soyayya a cikinsa ba: yarinya ɗaya a gidan 'yan'uwa shida, ana cizonta ana wulaƙanta ta kashi bayan kashi. Ba na ba kowa shawarar ya fara da shi. Vampire Knight yana da wani sirri na dangantakar jini tsakanin masoya da yake bayyana a zango na biyu, wanda mutane da yawa ba za su iya haɗiyewa ba. Shi ma Call of the Night da na yaba, shigar Nazuna ba ta da kamun kai, akwai shan giya da maganganun batsa cikin raha, ga kuma ƙarancin shekarun yaron. Kasancewar abu zane ba ya nufin na yara ne.

To wa ya kamata ya ɗauki me? Idan soyayyar ce ta kawo ka, kana son jiran nan mai tsawo, kallon da ba a mayar ba, hannun da aka kusa taɓawa aka fasa, littafi za ka ɗauka, kuma nan nake tsaye ni ma. Ka fara da Twilight idonka a buɗe game da halin Edward, ko da The Vampire Diaries idan ba ka da haƙurin dogon littafi. Idan kuma ka wuce shekarun soyayyar makaranta, tambayar mutuwa da daɗewa ce take cin ranka, ka tafi kai tsaye wurin Anne Rice ka yi haƙuri da harshenta.

Idan yanayi ne yake janka, launi da kiɗa da shirun dare, ko kuma ka karanta irin waɗannan littattafai har sun fara yi maka kama ɗaya, anime zai wanke maka ido. Call of the Night ga mai son natsuwa, Karin ga mai son dariya, Vampire Knight ga mai son ciwon zuciya, da sharaɗin ka shirya komawa manga idan allo ya yi baƙi.

Wanda kuma yake da dare ɗaya kawai, yana son ya ɗanɗana kafin ya yanke shawara, akwai fim ɗin anime guda da yake da farko da ƙarshe cikin ƙasa da awa biyu: Vampire Hunter D: Bloodlust na 2000, wanda Yoshiaki Kawajiri ya ba da umarni, daga littafin Hideyuki Kikuchi. Wasu masu kuɗi ne suka ɗauki mafarauci haya ya dawo musu da ɗiyarsu Charlotte, wadda bamfaya Meier Link ya ɗauke cikin dare. Kowa ya ɗauka sace ta aka yi, har mafaraucin ya fara gane cewa da ƙafarta ta bi shi. Akwai inda aka ƙwace ta da tsakar rana a kan wata gada, lokacin da ya kamata Meier yana kwance cikin akwatinsa. Sai ƙofar keken dokin ta buɗe. Ya fito cikin rana, fatarsa tana hayaƙi tana kamawa da wuta, yana takawa ɗaya bayan ɗaya zuwa inda take, ita kuma ta fizge daga hannun waɗanda suka zo cetonta ta ruga wurinsa.